Tambaya da Amsa: Wane Kaya Bayahude Yake Sawa Idan Idi Ya Haɗe da Asabar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a arewacin birnin Landan, kuma aikina na kai kaya gida-gida yana yawan bi da ni ta unguwar Stamford Hill, inda Yahudawa masu riƙon addini suke da yawa. Na saba ganinsu ranar Asabar cikin dogayen baƙaƙen riguna masu sheƙi da manyan huluna na gashin dabba. To, a watan Oktoba na 2024 na ga abin da ya ɗaure mini kai, domin sau uku a cikin wata guda suka rufe shaguna tun daga Alhamis har Asabar, suna sanye da kayan nan duk tsawon kwanakin. Na kuma lura cewa ranar Juma'a mutum yakan riƙe mayafinsa na ibada a cikin jaka, amma ranar Asabar sai in ga wasu sun yafa shi a kafaɗa tun daga gida. Shin kayan idi da kayan Asabar ɗaya ne a wurinsu? Idan idi ya ƙare ranar Juma'a da yamma, Asabar ta shigo, suna sauya kaya ne ko kuwa? Daga wani mai karatu a Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi kyakkyawar lura, domin abubuwa biyun da ka gani, wato zama cikin kaya iri ɗaya da kuma sauyin yadda ake fita da mayafi, su ne ainihin abin da malaman Yahudawa suka daɗe suna tattaunawa a kansa. Sai dai maganar tufafi ba za ta fito fili ba sai an san yadda ranakun suke faɗowa.

A wurinsu Asabar tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a, ta fita bayan taurari sun bayyana ranar Asabar da daddare, kuma haka idodinsu ma suke shiga su fita. Yahudawan da ke zaune a wajen ƙasar Isra'ila, masu bin tsohuwar hanya, suna yin hutun kwana biyu a inda Attaura ta ambaci kwana ɗaya. Wannan ya samo asali ne tun zamanin da ake tsayar da wata da shaidar gani a Ƙudus, sannan a tura manzanni, labari kuma ya makara kafin ya isa wurare masu nisa irin su Babila. Idin sabuwar shekara, wanda suke kira Rosh Hashana, kwana biyu ne a ko'ina. A 2024 ya faɗo Alhamis 3 da Juma'a 4 ga Oktoba, sai Asabar ta biyo baya ranar 5. Da yake Idin Bukkoki, wanda suke zama cikin bukkoki a cikinsa, yana farawa mako biyu cif bayan sabuwar shekara, shi ma ya faɗo Alhamis 17 da Juma'a 18, haka kuma idin da ke rufe shi, wanda a rana ta biyunsa ake bikin sauke karatun Attaura, ya faɗo ranakun 24 da 25. Wannan shi ne sau ukun da ka ƙirga.

Asalin keɓe wa Asabar tufafi yana cikin Talmud, babban kundin fiƙihunsu, inda aka fassara umarnin girmama Asabar da ya zo a littafin Annabi Ishaya, sura ta 58, da cewa kada suturar mutum ta Asabar ta zama irin ta sauran ranaku. A wurin aka ruwaito cewa Rabbi Yohanan yakan kira tufafinsa masu girmama shi, aka kuma ce wanda yake da kayan sauyawa ya sauya, wanda ba shi da su kuwa ya saki rigar da ke jikinsa ta sauka ƙasa. Dalilin wannan sassaucin yana da daɗin ji. Ma'aikaci yakan tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu saboda aiki, mai hali ne yake barin tasa tana jan ƙasa, saboda haka talakan da ya saki rigarsa ya nuna cewa yau ba ranar aiki ba ce, ko da kuwa ita kaɗai ya mallaka. Wani malamin, Rabbi Yannai, an ce yakan sa kayansa ranar Juma'a da yamma ya yi wa Asabar maraba da sunan amarya.

Game da idi kuwa, littafin Shulhan Aruk, wanda Rabbi Yosef Karo ya wallafa, aka fara buga shi a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1565, kuma har yau shi ne madogarar masu riƙon addini a cikinsu, ya faɗi a fili cewa kayan idi ya kamata su fi na Asabar kyau. Hujjar ita ce a ranar idi akwai umarni na musamman na yin farin ciki, ban da girmamawa da jin daɗin da aka yi umarni da su ranar Asabar. A nan ne matsalar da ka tambaya take, domin ta fuskar tsarki Asabar ce a sama. Mutum bakwai ake kira su hau karatun Attaura ranar Asabar, ranar idi kuwa biyar. An halatta girki da ɗaukar kaya a titi ranar idi, an hana su ranar Asabar. Hatta addu'ar rarrabewa da suke yi idan rana mai tsarki ta ƙare, ba a yin ta idan idi ya ƙare cikin Asabar, tunda hawa ake yi zuwa abin da ya fi, alhali idan Asabar ce ta ƙare cikin idi sai an yi. Ke nan da magaribar Juma'a mutum yana barin ranar da ta fi ado yana shiga ranar da ta fi daraja.

Abin da aka fi gani a aikace shi ne ba wanda yake tuɓe kayan idi ya koma waɗanda ba su kai su ba. Suna da wata ƙa'ida da suke yawan kafa hujja da ita, cewa a al'amarin tsarki ƙarawa ake yi, ba a ragewa, kuma wanda ya cire rigarsa mafi kyau a daidai lokacin da Asabar take shigowa, tamkar ya ƙasƙantar da ita ne. Mai karatun wannan fili zai gane haka da sauƙi idan ya tuna shekarar da Sallah ta faɗo ranar Juma'a, domin ba wanda yake dawowa daga filin idi ya cire babbar rigar Sallah ya ɗauko ta kowane mako don zuwa masallaci. Abin da da yawansu suke yi shi ne su bar babbar rigar da hular yadda suke, su sauya farar rigar ciki da wata wankakkiya wadda aka tanada tun kafin idi, su wanke fuska da hannu, don Asabar ma ta sami nata rabon na tarba. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ruhin hukuncin, domin ta kiyaye darajar ranakun biyu ba tare da ta ɗora wa kowa nauyin mallakar kaya kashi uku ba. Gaskiyar magana ma, yawancin mutane a yau kwat ɗaya suke da ita ta Asabar da idi, bambancin da littafi ya ambata yakan tsaya ne a kan sabuwar riga ko sabon takalmi da aka saya saboda idin.

Mutanen da kake gani a Stamford Hill yawancinsu Hasidawa ne, mabiya tafarkin da ya faro a ƙarni na 18 a yankin da yake ƙasar Yukren a yau. Faffaɗar hular gashin nan sunanta shtraimel, a mafi yawan ƙungiyoyinsu magidanta ne suke sa ta, kuma bisa al'ada iyayen amarya ne suke saya wa ango. Mabiya ƙungiyar Ger, waɗanda asalinsu Folan ne, suna sa wata doguwa baƙa mai suna sfodik, mabiya Habad kuwa ba sa sa ko ɗaya, baƙar malafa suke sawa da doguwar kwat. Rigar mai sheƙi ita ce bekishe. Duk waɗannan kayan Asabar ne kuma kayan idi ne a lokaci guda, shi ya sa idonka bai ga wani sauyi ba daga Alhamis zuwa Asabar. Idan ka lura a ranar da ake ruwan sama, ba za ka ga lema a hannun kowa ba, ko ranar idi ko Asabar, saboda malamansu sun ɗauki buɗe lema a matsayin kafa rumfa, wanda yake cikin ayyukan da aka hana. Rigar ruwa mai ƙatuwar hula ake sawa, wadda take rufe shtraimel ɗin gaba ɗaya.

Sai maganar mayafi, wanda suke kira talit. Yadi ne mai kusurwa huɗu, yawanci na farin ulu mai ratsin baƙi, kuma abin da ya mai da shi kayan ibada shi ne tuntayen da ke kusurwoyinsa, waɗanda aka yi umarni da su a sura ta 15 ta Littafin Ƙidaya. Kowane tuntu yana da zare takwas da ƙulli biyar. Da yawa suna da talit na musamman don Asabar da idi, wani har da ado na azurfa a gefen da ke hawa kai. Ranar idi an halatta ɗaukar abin da ake bukata a titi, shi ya sa ranar Juma'a ka gan su da jakar mayafi, a Idin Bukkoki ma har da reshen dabino a hannu. Ranar Asabar kuwa fitar da kaya daga gida zuwa titi yana cikin ayyuka 39 da aka hana, sai dai a unguwar da aka kewaye da wata iyaka ta shari'a mai suna erub, kuma ba kowa ne yake dogara da ita ba ko a inda take. Amma abin da mutum ya sa a jikinsa sutura ce, ba a ƙirga shi cikin kayan ɗauka. Saboda haka mai zuwa majami'a ranar Asabar da safe yana da zaɓi biyu, ko ya bar mayafinsa a can tun ranar Juma'a, ko ya yafa shi daga gida, a kan kwat ko a ƙarƙashinta.

Akwai wani sharaɗi a nan da yake nuna zurfin lissafin. Idan tuntu ɗaya ya tsinke har ya ɓaci, mayafin ya daina zama halattacciyar sutura, sauran tuntayen kuma sun koma kayan ɗauka, don haka fita da shi titi ranar Asabar laifi ne. Gyara kuma ba ya yiwuwa a cikin kwanakin nan uku, tunda ɗaura ƙulli mai ɗorewa haramun ne ranar idi kamar yadda yake ranar Asabar. Wannan ne ya sa mai kula yake zama tun ranar Laraba ya bi zaren ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ja ƙullin da ya saki.

Da magaribar Juma'ar kanta, jama'a ba sa yafa talit, domin ayar ta ce a ga tuntayen a tuna da umarnan Allah, malamai kuma suka ce dare ba lokacin gani ba ne. Mai jan addu'a kaɗai yake yafawa a majami'u da yawa, saboda girmama jama'a. Addu'ar tarbar Asabar ma, wadda ta sami siffarta a garin Safad a ƙarni na 16, a wannan daren gajarta ta ake yi. Wasu suna tsallake zaburoyi shida na farko su fara daga Zabura ta 92, wasu su fara daga ta 29. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne zaburoyin shida suna wakiltar ranakun aiki shida, wanda ya fito daga idi kuwa ba daga aiki ya fito ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ce, kuma uwar 'ya'ya, kuma na taɓa jin cewa Yahudawa ba sa wanki ko ninke kaya a ranakunsu masu tsarki. Idan hutun ya kai kwana uku a jere, yaya matan gida suke yi da kayan yara da na maigida? Kuma su matan, akwai wata sutura da aka ɗora musu? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma nauyin wannan hukunci a kan matan gida ya fi sauka. Wanki, guga, ɗinki, yanke zare da shafa wa takalmi mai duk an hana su ranar idi da ranar Asabar. Ko tabo ne ya sami riga ba a zuba masa ruwa, domin a fiƙihunsu jiƙa yadi mai datti shi ne farkon wanki. A matsayinki na tela za ki gane abin da wannan yake nufi ga sabon kaya. Ɗinkin da masana'anta take rufe bakin aljihu da shi, da takardar farashi da aka maƙala da zare, dole a cire su tun kafin rana ta faɗi ranar Laraba. Idan maɓalli ya fita ranar Alhamis, haka rigar za ta zauna har Asabar da daddare. A Idin Bukkoki da Idin Ƙetarewa (na tunawa da fitarsu daga Masar), waɗanda kowannensu yake ɗaukar kusan mako guda, abin ya fi haka tsawo, saboda ranakun tsakiyar idin ma an hana wanki a cikinsu, sai na ƙananan yara da suke ɓata kaya a kai a kai. Hikimar hanin, kamar yadda Talmud ya bayyana, ita ce kada mutum ya jinkirta wanki da aski zuwa tsakiyar idi ya shiga idin a hargitse. Tun da can ma akwai wata doka da ake dangantawa ga Ezra, wato Uzairu, cewa a yi wanki ranar Alhamis domin Juma'a ta zama ta shirin Asabar.

Ninke kaya ya fi wanki sarƙaƙiya, kuma a nan ne tambayarki ta taɓa tsakiyar batun. Abubuwa biyu ake gudu. Na farko, ninke riga a kan karinta na asali gyara ta ne, kamar ƙaramar guga. Na biyu, ba a yin shiri a rana mai tsarki saboda wata rana. Shulhan Aruk ya kawo sharuɗɗa biyar kafin a halatta ninkewa a kan kari: a yi niyyar sake sa kayan a ranar, mutum ɗaya ya ninke ba biyu ba, kayan su zama sababbi waɗanda ba a taɓa wankewa ba, su zama farare, kuma ba shi da wasu na sauyawa. Sannan ya kawo ra'ayin da ya ce idan ba a bi karin asali ba babu laifi, ya kuma karkata gare shi. Shi ya sa za ki ga mutum ya gama addu'ar safe ya naɗe mayafinsa sama-sama ya tura a jaka, sai bayan fitar Asabar ya zauna ya ninke shi da kyau, wasu ma sun mai da wannan aikinsu na farko a sabon mako.

To, ranar Juma'ar da take idi, ya halatta a shirya kayan Asabar? Wannan tsohuwar tambaya ce ƙwarai. A cikin Mishna, tsohon kundin dokokinsu da Talmud ya ginu a kansa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, Rabbi Ishma'el ya ce ana ninke tufafi ana gyara shimfiɗa a Ranar Kafara, babbar ranar azuminsu ta shekara, saboda Asabar ɗin da ke biye da ita, tunda Asabar ce ta fi tsarki. Hanyar da aka bi ga sauran idodi ita ce abin da suke kira erub tabshilin. Kafin idi ya shiga, maigida ko uwargida takan ware gurasa da wani dafaffen abu, galibi ƙwai ko kifi ko nama, a yi addu'a a kai, a furta cewa da wannan an halatta toya da dafuwa da kunna fitila da yin sauran bukatu daga idi zuwa Asabar. Ma'anar ita ce an riga an fara shirin Asabar tun ranar aiki, abin da za a yi ranar Juma'a ƙarasawa ce kawai. Izinin na ranar Juma'a ne kaɗai, bai shafi Alhamis ba, kuma abincin da aka ware ana ajiye shi a ci ranar Asabar. Malamai sun saɓa a kan ko wannan izini ya tsaya ga abinci ne ko ya haɗa da sauran shirye-shirye, amma da yawansu sun halatta abubuwa irin su gyara gado, fitar da kayan da za a sa, da kai mayafi majami'a. Wanki da ɗinki kuwa babu abin da yake buɗe ƙofarsu.

Game da suturar mata, babu wata riga ta ibada da aka wajabta musu kamar yadda aka ɗora wa maza tuntaye. Matan aure masu riƙon addini suna rufe gashi kullum, wasu da ɗankwali, wasu da hula, wasu da gashin kanti. Amma akwai haƙƙin da aka ba su a kan mazajensu, wanda nake ganin ya cancanci a san shi. Talmud ya tambaya da me miji zai faranta wa matarsa rai ranar idi, ya kuma amsa cewa a Babila da tufafi masu launi, a ƙasar Isra'ila da gogaggun tufafin lilin. Musa bin Maimun, babban malaminsu wanda ya rayu a Masar ya rasu a 1204, ya rubuta wannan a matsayin hukunci, cewa miji ya saya wa matarsa sutura da kayan ado gwargwadon ƙarfinsa. Ke nan kayan idin mace wani ɓangare ne na ibadar mijinta.

Uwargida ce kuma take shigo da Asabar cikin gida da kunna kyandir, kuma al'ada ita ce ta gama shiri ta ci ado kafin ta kunna. Ranar Juma'ar idi ba za ta ƙyasta ashana ba, domin ƙirƙirar sabuwar wuta haramun ne ko ranar idi, sai dai ta ɗebi wuta daga wani kyandir mai daɗewa da aka kunna tun ranar Laraba. Dole kuma ta kunna kafin rana ta faɗi, a yawancin wurare da minti 18, a Ƙudus da minti 40. Wanka ma an taƙaita shi, abin da tsofaffin littattafai suka halatta a fili shi ne ɗumama ruwa ranar idi don wanke fuska da hannuwa da ƙafafu.

Tambaya: Malam, na ga hotunan Yahudawa sanye da farar riga har ƙasa, wasu kuma da baƙaƙen akwatunan fata a goshi da hannu. Su ma waɗannan ana shiga Asabar da su daga idi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, amsar duka biyun ita ce a'a, amma dalilansu sun bambanta. Akwatunan fatar nan sunansu tefilin, a cikinsu akwai nassoshi huɗu na Attaura da aka rubuta a kan fata, kuma ana ɗaura su ne a addu'ar safe ta ranakun aiki kawai. Attaura ta kira su alama, ta kuma kira Asabar alama, sai malamai suka ce ranar da ita kanta alama ce, Asabar ko idi, ba ta bukatar wata. Saboda haka a irin makon da muke magana, mutum yakan cire su ranar Laraba da safe, ba zai sake ɗaurawa ba sai Lahadi. A ranakun tsakiyar idi an saɓa. Hasidawa da Yahudawan da asalinsu Andalus ne da ƙasashen Larabawa, da kusan duk mazauna Isra'ila, ba sa ɗaurawa, wasu daga cikin na Turai kuwa suna ɗaurawa. Ga wanda ba ya ɗaurawa kuma yake zaune a wajen Isra'ila, a 2024 kwana goma cur ya yi ba tare da su ba, daga 17 zuwa 26 ga Oktoba.

Farar rigar kuwa sunanta kitel, kuma al'adar Yahudawan Turai ce. Ba ta da aljihu, an yi ta ne a siffar likkafani, da ita ma ake binne da yawansu, kuma ango yakan sa ta ranar ɗaurin aure. Farinta yana tuna wa mai ita mutuwa, yana kuma nuna fatan gafara, bisa ayar Ishaya da ta ce zunubi ko ya yi ja wur zai koma fari fat. A Talmud na Ƙudus an ce wanda za a gurfanar gaban alƙali yakan sa baƙin kaya, amma su a ranar hisabin shekara farare suke sawa saboda kyakkyawan zato ga Ubangiji. Ita riga ce ta wani lokaci ƙayyadadde. A Rosh Hashana, a majami'u da yawa mai jan addu'a da mai busa ƙaho da malami ne suke sa ta, a wasu kuma duk magidanta, kuma ana cire ta idan addu'ar rana ta ƙare. Mai jan addu'a yana sa ta a roƙon ruwan sama ranar rufe Idin Bukkoki, da roƙon raɓa a ranar farko ta Idin Ƙetarewa, shugaban gida kuma yana sa ta a liyafar daren Ƙetarewa. Duk waɗannan sukan wuce kafin magaribar Juma'a. Abin da yake zarcewa cikin Asabar shi ne farin labulen ma'ajiyar Attaura da fararen rigunan naɗaɗɗun littattafan, waɗanda ake barinsu aƙalla har Ranar Kafara ta wuce.

Ranar da kowane magidanci yake yini cikin kitel, har a yafa talit da daddare, ita ce Ranar Kafara, wato Yom Kippur, kuma ita ba ta ƙara faɗowa ranar Juma'a ba tun da aka koma tsayayyar kalanda ta lissafi, wadda ake dangantawa ga Hillel na Biyu a ƙarni na 4. An tsara ta yadda ranar farko ta sabuwar shekara ba za ta faɗo Lahadi ko Laraba ko Juma'a ba, wanda ya hana Ranar Kafara maƙwabtaka da Asabar ta gaba ko ta baya. Talmud ya ba da dalili biyu, kada gawa ta kwana biyu ba a binne ba, kuma kada ganyen miya ya yi yaushi. Hukuncin Rabbi Ishma'el da na ambata a sama na zamanin da ake dogara da ganin wata ne.

Ga mai son ya lura da idonsa, a lissafin 2026 ranaku biyun farko na Idin Ƙetarewa suna faɗowa Alhamis 2 da Juma'a 3 ga Afrilu, Idin Makonni kuma, wanda yake zuwa mako bakwai bayan Ƙetarewa, Juma'a 22 ga Mayu, inda a wajen Isra'ila rana ta biyunsa take haɗuwa da Asabar ɗin kanta.